Ina Ƙugiyar Ta Shiga? Wahalar Haruffan Hausa Daga Kwamfuta Zuwa Maɗaba'a

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuka iri guda yake iso mana daga sakatarorin ƙungiyoyi da malaman Islamiyya da masu shirya biki, daga nan Libreville har Oyem da Bitam da Port-Gentil. Mutum ya zauna ya tsara takardarsa ta Hausa a kwamfuta tsaf, ya kai maɗaba'a, ya biya kuɗinsa, ranar karɓa sai ya tarar duk inda ɗ ko ƙ ko ɓ take an bar masa ɗan akwati, ko alamar tambaya, ko kuma an share ƙugiyar an bar harafin a tsaye. Shi ya sa a wannan wata muka ga ya dace mu zauna a kan maganar sosai, domin yawancin wannan ciwo yana da magani, kuma maganin ba ya cin ko dala.

Wani zai ce, to mene ne a ciki, ai Bahaushe yana gane abin da ake nufi ko babu ƙugiya. Gaskiya ne dattijon da ya tashi a Kano ko Maraɗi zai gane, don kunnensa ya riga ya san kalmar. Amma katin gayyatar da aka so a ce "manyan baƙi" ya fito da "manyan baki" ya riga ya ba da abin dariya a zaure, haka nan wanda ya mai da Sarkin Fada ya koma Sarkin Faɗa. Ƙasa daban, kasa daban. Kafa daban, ƙafa daban, balle bari da ɓari. Babban abin da ya fi damunmu shi ne yaranmu da aka haifa a nan. Hausarsu ta cikin gida ce, karatunsu kuwa da Faransanci suka yi shi, saboda haka abin da suka gani a takarda shi suke furtawa. Idan duk takardar Hausar da ta shigo hannun yaro a Akébé ko Nkembo ta nuna masa "daki" da "kofa", babu wanda zai zarge shi in ya girma yana faɗin haka. Mu da muke 'yan tsiraru a ƙasa, takardun da muke bugawa ba su da yawa, don haka kowace ɗaya makaranta ce.

Yadda ƙugiyar ta samo asali

Ba tun farko aka san waɗannan haruffa a boko ba. Turawan da suka fara rubuta Hausa da haruffansu kowa da dabararsa, wasu su ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu su sa waƙafi a gefensa, kamar yadda aka yi a babban ƙamus na Bargery na 1934. A cikin shekarun 1930 ne Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta tsayar da haruffa masu ƙugiya, sa'annan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairun 1939 da Malam Abubakar Imam a kujerar edita, ta sabar wa idon jama'a da su. Daga baya an yi tarurrukan daidaita rubutu, irin na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980, amma ƙugiya tana nan daram. Bambancin da ya rage shi ne Nijar na rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y.

A zamanin dalma, maɗaba'ar da ke son buga Hausa tilas ta sa a zuba mata haruffan musamman. Masu tafireta kuwa alƙalami suke ɗauka bayan sun gama bugawa, su bi layi-layi suna lanƙwasa kan kowace d da k da b. Dattawanmu da suka yi aikin ofis ba su manta da wannan wahala ba.

Da kwamfuta ta shigo aikin ɗab'i sai aka yi zaton an huta. A 1985 kamfanin Aldus na Amurka ya fito da PageMaker, manhajar da ta sa mutum ɗaya a kan tebur ɗaya zai iya tsara shafin jarida baki ɗaya. QuarkXPress ya biyo baya a 1987, CorelDRAW a 1989. To amma kwamfutar wancan lokaci gurbi 256 kacal take ware wa haruffa da lambobi da alamomi, kuma harsunan Turai ta yamma sun cinye guraben. Bafaranshe ya sami é da ç da à nasa, Bahaushe bai sami komai ba.

Dabarar da ta cece mu, ta kuma bar mana aiki

Mafitar da aka samu ita ce a yi aron gurbi. A tsakiyar shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙera zubin haruffan Hausa guda biyu, Rabiat da Abdalla, waɗanda suka bazu a hannun marubuta da 'yan jarida da ɗaliban jami'a a arewacin Nijeriya. Zubin haruffa shi ne abin da ma'aikatan ɗab'i na nan suke kira "polis", wanda ba shi da wata dangantaka da 'yan sanda. Duk mai karanta Hausa yana da bashin godiya a kan wannan aiki, domin ba don irinsa ba da littattafai da mujallu masu ɗimbin yawa sun fito babu ƙugiya.

Ga yadda dabarar take. Ana ɗaukar wani maɓalli da Hausa ba ta cika bukata ba, a goge hoton da ke kansa, a zana harafi mai ƙugiya a wurin. Tsari biyu ne suka fi yaɗuwa. A ɗaya, maɓallin q ne ke ba da ƙ, x ya ba da ɗ, v ya ba da ɓ. A ɗayan kuwa baka-baka aka ara: } ita ce ƙ, { ita ce Ƙ, ] ita ce ɗ, [ ita ce Ɗ, ~ ita ce ɓ, | kuma Ɓ. Wato idonka yana ganin ƙasa, amma abin da kwamfuta ta ajiye a cikinta shi ne "qasa" ko "}asa". Riga ce kawai aka sa wa harafin. Muddin rigar na nan, lafiya lau. Ranar da aka buɗe fayil ɗin a wata kwamfutar da ba ta da wannan zubi, sai asiri ya tonu, ka ga "]aya daga cikin }ungiyoyin" ko "Xanfodiyo". Duk wanda ya taɓa sauke kundin digiri na Hausa daga intanet ya ci karo da irin wannan.

Ainihin maganin ya zo ne da tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, inda kowane harafi na kowane harshe yake da lambarsa ta kansa da ba ya rabawa da kowa. Haruffanmu takwas duk suna ciki: Ɓ 0181, ɓ 0253, Ɗ 018A, ɗ 0257, Ƙ 0198, ƙ 0199, Ƴ 01B3, ƴ 01B4. Sai dai manhajojin ɗab'i sun daɗe ba su karɓe shi ba. InDesign, wanda kamfanin Adobe ya fitar a 1999, ya zo da shi tun farko. QuarkXPress sai a fitowa ta 7, a 2006. PageMaker kuwa har aka daina sabunta shi bayan fitowa ta 7 ta 2001 bai taɓa sanin Unicode ba. Saboda haka in ka tarar da maɗaba'ar da har yanzu take aiki da shi, kuma akwai su, kada ka ɓata lokacinka kana sauya zubi, ba zai karanta ƙ ta gaskiya ba ko ka kwana kana yi.

Kowace cuta da alamarta

Kafin a fara taɓe-taɓe, a tsaya a dubi irin ɓarnar da ta fito, domin ita ce za ta faɗi inda ciwon yake.

Idan ɗan akwati ne ya fito a gurbin harafin, ko InDesign ya shafa wa wurin launin ruwan hoda, to albishirinka, rubutunka lafiya yake. Zubin da aka zaɓa ne ba shi da hoton harafin. A sauya zubi kurum. Nan akwai wani abu da ke ruɗa mutane: sai ka ga zubi yana da Ƙ da ƙ da Ɗ, amma ba shi da ɗ da ɓ ƙanana, ko kuma akasin haka. Dalili shi ne ba unguwa ɗaya aka zaunar da su a cikin Unicode ba. Ƙananan ɓ da ɗ suna cikin rukunin haruffan masana furuci, sauran shidan kuwa suna wani rukunin dabam, kuma mai ƙera zubi yakan ɗauki rukuni ɗaya ya bar ɗaya. Don haka kafin ka amince da kowane zubi, rubuta haruffan nan takwas a jere, ka gwada su a tsaye, da kauri, da karkace, da kauri-da-karkace. Sau da yawa jikin labari yakan fito daidai, kanun labari ne ke ba da kunya, saboda zubin ado da ake so a yi wa kanu ƙawa da shi yawanci ba a yi shi don mu ba.

Zubin da muka gwada muka gamsu da su, kuma kyauta ne, su ne Charis da Gentium da Andika na ƙungiyar SIL, da dangin Noto na Google. Charis ya dace da jikin littafi ko jarida, Andika kuwa an yi shi ne musamman don masu koyon karatu, ga malaman da ke shirya wa yara darasi. Arial da Times New Roman na Windows ɗin zamani su ma suna da haruffan, amma na tsofaffin kwamfutoci ba su da su, ko da yake suna ɗaya suke amsawa.

Word kuma yana da wata ɗabi'a ta rufa-rufa. In zubin ba shi da ƙ, ba zai gaya maka ba, sai ya aro ta daga wani zubin ya liƙa. Shi ya sa za ka ga takarda duk ƙ da ɗ ɗinta sun fi 'yan'uwansu siranta ko tsawo, kamar baƙi a taron dangi. A allo ba a cika lura ba, a kan takarda kuwa abin yana tsone ido.

Idan kuma abin da ya fito shi ne Æ™asa maimakon ƙasa, ko É—aki maimakon ɗaki, wannan ita ce cutar da ke mai da é ta Faransanci Ã©, wadda kowa ya sani a nan. An ajiye fayil da tsarin UTF-8, aka buɗe shi da tsohon tsarin Turai ta yamma. Kada a yi gyara da hannu, kada kuma a ajiye shi a haka. A rufe, a sake buɗewa ko shigo da shi cikin manhajar tsara shafi, a zaɓi UTF-8 a wurin da ta tambaya.

Mafi muni ita ce alamar tambaya, ka ga ?asa da ?aki. Wannan yana nufin an riga an ajiye fayil ɗin da tsarin da bai san harafin ba, ya jefar da shi har abada. Babu zubin da zai dawo da shi. Sai dai a koma ga kwafin asali, in babu kuwa a zauna a bi kalma-kalma. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa kada mutum ya miƙa wa kowa kwafinsa guda tilo, balle a garin da wuta kan ɗauke ana tsakiyar aiki.

Juyar da tsohon rubutu

Masu tsofaffin fayiloli na zubin aro su ne suka fi yawan tambaya. Aikin ba shi da wuya: a Word a danna Ctrl da H, a nemi } a sauya da ƙ, a nemi ] a sauya da ɗ, haka har a gama shida. A tabbata an kunna bambanta babban harafi da ƙarami, an kuma kashe neman alamomin musamman, domin a can baka-baka suna da wata ma'ana ta daban.

To amma ga inda mu mazauna Gabon za mu yi hattara fiye da mutumin Kano. Takardunmu harshe biyu ne, kuma sunayen garuruwanmu cike suke da v da q da x. Wanda ya ce wa kwamfuta ta sauya kowace v da ɓ a bugu ɗaya, zai wayi gari yana zaune a Libreɓille, 'yan'uwansa suna Franceɓille da Minɓoul, kowace unguwa kuma ta zama ƙuartier. Maganin shi ne a ɗaure neman da zubi. A cikin akwatin nema akwai wurin zaɓen siffa, a nan za a ce a taɓa q ɗin da ke sanye da tsohon zubin Hausa kaɗai. Tun da dole mai rubutun farko ya sauya zubi kafin ya iya rubuta v ta gaskiya, sunayen za su tsira. Bayan an gama duka ne za a zaɓi rubutun gaba ɗaya a sa masa sabon zubi. In aka fara sauya zubin kafin a yi nema, an share alamar da za ta raba su ke nan.

Kada a yi jinkirin wannan aiki. Tun daga Janairun 2023 manhajojin Adobe suka daina karɓar tsohon nau'in zubi da ake kira Type 1, kuma su kansu fayilolin PageMaker ba kowace sabuwar manhaja ke buɗe su ba. Ƙungiyar da ke da tsarin mulkinta ko tarihin kafuwarta a cikin irin waɗannan fayiloli, gara ta fitar da rubutun yanzu, tun ana samun kwamfutar da za ta buɗe su.

Wajen shigar da sabon rubutu kuwa, wayar hannu ta fi kwamfuta sauƙi. A Gboard ana ƙara Hausa cikin harsuna, a danne k ko d ko b na ɗan lokaci sai mai ƙugiyar ta fito. Windows yana da allon maɓallan Hausa da ake ƙarawa, akwai kuma manhajar Keyman, ita ma kyauta. Wanda ya tsinci kansa a kwamfutar haya da ba a yarda ya sa komai ba, yana iya rubuta lambar harafin a Word ya danna Alt da X, ko Alt da C a wasu nau'o'in Word na Faransanci. Sai dai a fara da U+ kafin lambar. Dalili kuwa, a da b da c da d da e da f duk lambobi ne a wannan lissafi, saboda haka in kana rubuta haɗa ka buga ha0257, Word zai haɗiye a ɗin nan cikin lambar ya ba ka abin da ba ka nema ba.

Kwamfutar da ta ɗauka Faransanci kake yi

Akwai wasu matsalolin da ba na ƙugiya ba ne, na zaman ƙasar Faransanci ne. Kusan kowace kwamfuta a Libreville an saita ta a kan Faransanci, kuma tana yi wa Hausa hukuncin Faransanci. Tana buɗe tazara kafin alamar tambaya da alamar motsin rai da ruwa biyu, tana mai da alamar zance « », alhali ƙa'idar rubutun Hausa da aka fi bi ba ta san wannan ba. Tana ja wa kowace kalma jan layi, wani lokaci ma ta "gyara" ta da kanta.

Wadda ta fi ɓata shafi ita ce yankan kalma a ƙarshen layi. Manhajar tana yanka ne bisa gaɓoɓin Faransanci, ba ta san ts da sh da ky da gw da ƙw baƙi ɗaya ba ne a wurinmu. Tana iya raba hatsi ta ba ka hat- a sama, si a ƙasa, alhali ha-tsi ne. Abin yi shi ne a ware wa sashen Hausa salon sakin layi nasa na kansa, a kashe masa yankan kalma, a cire shi daga ƙarƙashin Faransanci. InDesign yana da zaɓin "babu harshe" don irin wannan. In zirin rubutu ya yi ƙunci har tazara ta yi yawa tsakanin kalmomi, mu a ganinmu gara a bar gefen dama a sake da a matse shi dole. Kalmomi irin su shirye-shirye da tafiye-tafiye suna da karan ɗorinsu, a nan ya kamata su karye.

Sai ɗan waƙafin da ke gaban 'ya'ya da 'yan'uwa. Kwamfuta takan ɗauka zance za ka buɗe, sai ta juya na farkon ya kalli baya, na tsakiya kuma ya kalli gaba, kalma ɗaya da waƙafi iri biyu. A Word, danna Ctrl da Z nan take yana mayar da shi. Masu bin ƙa'idar Nijar sun huta da wannan tun da ƴ suke rubutawa. Jama'armu a nan ta haɗa mutanen Nijar da Nijeriya da Kamaru, ba kuma za mu ce wani ya fi wani daidai ba. Abin da muke roƙo shi ne takarda ɗaya ta tsaya a kan ɗaya daga farko har ƙarshe.

A bakin ƙofar maɗaba'a

Mu tuna ma'aikacin da zai karɓi aikinmu a nan galibi ba ya jin Hausa. Ba laifinsa ba ne in bai ga bambancin k da ƙ ba, a wurinsa ƙugiyar tana iya zama dattin tawada. Saboda haka kada a kai masa fayil ɗin Word ko na CorelDRAW a buɗe. A kai PDF wanda aka cusa zubin a cikinsa. Zaɓin PDF/X-1a da ke cikin manyan manhajojin tsara shafi ba ya yarda a bar zubi a waje. Kafin a fita gida a buɗe bayanan fayil ɗin a duba jerin zubin, a ga kowanne an nuna yana ciki. Sa'annan a nemi a buga kwafi ɗaya na gwaji, mai jin Hausa ya karanta shi a kan takarda kafin inji ya tashi. Mun san ana gaggawa ranar jajibirin biki, amma kati 500 ba a gyara su da biro.

Masu CorelDRAW sun saba mai da rubutu zane da Ctrl da Q kafin su kai aiki. Ga kati ko allon talla wannan dabara ce mai kyau, domin zane ba ya neman zubi. Amma a yi ta a kan kwafi na biyu. Rubutun da ya zama zane ba ya gyaruwa, ba a nemo kalma a cikinsa, ba ya kuma zama littafin waya.

Littafin da ake karantawa a waya

A nan ne tsohuwar dabarar aro take mutuwa murus. PDF hoton shafi ne da aka daskarar, shi ya sa tsohon littafi mai zubin aro yake fitowa daidai a cikinsa, ko da yake in ka nemi kalmar ƙasa ba za ka same ta ba, tun da }asa ce a ciki. Amma PDF mai girman A4 azaba ne a fuskar waya, sai an yi ta ja ana matsarwa. Tsarin EPUB, wanda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2011, shi ne ke barin rubutu ya bi girman allo, dattijo mai raunin ido ya ƙara girman haruffa yadda yake so. To a EPUB mai karatu ne ke da ikon zaɓen zubi, ba mai littafi ba. Da zarar ya sauya, rigar aro ta faɗi. Ke nan littafin waya ba ya yiwuwa sai da haruffan Unicode na gaskiya.

Ba a bukatar manhaja mai tsada. LibreOffice yana fitar da EPUB tun 2018, Sigil da Calibre kuma suna gyara shi, duk kyauta. Abubuwan lura kaɗan ne. A yi kanun babi da salon kanu na manhajar, kada a ƙara wa harafi girma da hannu kawai, domin daga salon ne ake gina jerin abubuwan da ke ciki. Kada a daidaita rubutu da tara tazara ko yawan danna maɓallin sauka, duk za su watse a waya. A rubuta ha a gurbin harshen littafi, domin in an bar fr, wayar za ta yanka kalmomi da Faransanci, mai karanta wa makafi kuma ya karanta da lafazin Faransa. A cusa zubi ɗaya mai cikakkun haruffa saboda tsofaffin na'urori. Charis da Andika da Noto lasisinsu ya yarda da haka, yawancin zubin saye kuwa sai an duba sharaɗinsu. Daga ƙarshe a bi da fayil ɗin ta EPUBCheck, a kuma gwada shi a waya biyu ko uku, har da mafi arha da ke gidan.

Marubutan littattafan Hausa na Nijeriya sun riga mu shiga wannan kasuwa, ta WhatsApp da Wattpad da OkadaBooks, kuma da yawansu saboda gudun wahala sun zubar da ƙugiya gaba ɗaya, ko suna rubuta k'asa da d'aki. Ba ma ganin akwai sauran uzurin yin haka a yau. Akwai kuma darasi a rufewar OkadaBooks a watan Nuwamban 2023: dandali yana iya tashi, don haka kwafin asali ya zauna a hannun mai shi, a wuri fiye da ɗaya.

Masu ajami ba a bar su a baya ba, kuma mun san a cikinmu akwai waɗanda ajamin ya fi musu boko sauƙi. Unicode ya ƙara haruffan rubutun Warshu, irin fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya, a 2016, ya kuma ƙara wasu na Hausa a 2020. SIL ta fitar da zubin Alkalami, wanda ya kwaikwayi rubutun Kano, da Harmattan. Matsalar da aka fi samu ita ce haruffa su fito a warwatse ko su juya daga hagu zuwa dama. A InDesign wannan na nufin ba a kunna mai tsara rubutun harsunan duniya ba, kuma cikakkun kayan aikin dama-zuwa-hagu suna cikin nau'in da aka yi wa Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka. Scribus, wanda kyauta ne, yana iya wannan aiki a fitowarsa ta 1.6.

Masu aiko wa wannan shafi labari ko sanarwa ko ta'aziyya, muna roƙon ku aiko da rubutun tsurarsa, da haruffan Unicode, ba tare da ado ko zane ba, hotuna kuma a fayil dabam. Wanda rubutunsa ke cikin tsohon zubi ya faɗa mana sunan zubin, ya haɗo da hoton shafi ɗaya yadda yake fitowa a kwamfutarsa, domin mu san ko q ɗinsa ƙ ce ko kuwa q ce ta gaskiya.